Leda a Gidan Malam Iro

Ngaundere, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Larai, gidan marigayi Malam Iro, New Bell, Duwala.

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara, da Inna Hajjo, da duk wanda ke kwana a gidan. Mu nan lafiya muke, sai sanyin safiya da ya sauko tare da ruwan farko. Maiɗakina Fauziya tana gaishe ku.

Na zaɓi in rubuto maimakon in buga waya, domin a hirarmu ta ƙarshe kin ajiye kafin in kai ƙarshen maganata, ni kuma ban iya tsara zance cikin gaggawa ba. Ɓoɓɓo direba ne zai kawo miki takardar idan ya sauke albasa a unguwar Bassa.

Shi ne kuma ya ba ni labarin da ya kamata in ji daga bakinki: cewa ruwan ƙarshen Maris ya cika tsakar gida har ya taɓa dokin ƙofar Inna, kuma bayan haka ta yi kwanaki tana fama da gudawa da amai. Ba na tuhumarki da sakaci. Tun rasuwar mahaifina ke kike ɗawainiya da ita, alhali ke 'yar wan mijinta ce, ni da ta haifa kuwa ina nesa. Wannan na sani.

Sai dai aikina gwajin ruwan sha ne, kuma na san abin da ruwan kwata yake ɗauke da shi idan ya shigo gida. Magudanar da ta bi ta bayan katangarmu ba ruwa ne ya fi ƙarfinta ba, toshewa ta yi. Da na zo babbar salla na tsaya a kanta na duba. Leda ce, baƙa da fara, ta cushe ta har ƙarƙashin gada, kuma wani kaso daga gidanmu ya fito. Ana sayo barkono a leda, a zuba koko a leda, a ƙulla zoɓon da kike sayarwa a leda, har masar da Inna take sadaka kowace Juma'a a leda take fita. Mai sha ya huda, ya tsotse, ya yar, ruwa ya dawo mana da ita bayan ɗaki. Ga dokar da aka kafa bara ta hana irin wannan leda, ko da yake na san ba a bin ta.

Roƙona ɗaya ne: a fitar da leda daga gidan nan, a fara da ɗakin Inna. Idan hakan ya gagara kafin damina ta kankama, ba ni da zaɓi sai in ɗauko ta ta zauna a wurina. Ban rubuta wannan don barazana ba.

Ƙaninki,
Badaru


New Bell, 27 ga Afrilu

Malam Badaru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso a makare, domin Ɓoɓɓo ya sha tsayuwa a shingayen jami'an tsaro, har aka zazzage masa buhunan albasa ana neman abin da babu. Muna lafiya. Inna ta warware, tana cin tuwo, tana tambaya ko har yanzu kana nan da ramarka. A gaida Fauziya.

Na karanta wa Inna takardar, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Da na zo wurin ɗauke ta, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta juya ta fuskanci bango.

To, umarninka ya cika. Ka ce a fitar da leda, a fara da ɗakin Inna. Washegari na fito da gadonta da akwatunanta tsakar gida, na naɗe ledar ɗakin, mai shuɗin furen nan da Baba Iro ya shimfiɗa da hannunsa shekarar da ka tafi jami'a a Zariya, na kai ta bola. Yanzu siminti ne zalla. Ka san simintin New Bell da damina, gumi yake yi. Na shimfiɗa tabarma, tabarmar ta jiƙe, kuma duk lokacin da za ta sauko alwala sai na riƙe ta don santsi. Ta tambaye ni laifin me ledar ta yi. Na ce ɗanta mai gwajin ruwa ne ya gano ita ke sa ta gudawa.

Ka ce ka tsaya a kan rigol ɗinmu, magudanar da kake faɗa, ranar salla ka duba. Na gan ka, cikin farar shadda, ka tattare ƙafar wando. Da ka ɗaga kai ka dubi sama da gada, da ka ga tun daga unguwar Nkololoun ake zubo mana shara, kuma motar shara ta manta hanyar layinmu. Amma gidanmu ka gani, domin shi ne wanda kake da ikon rubuto masa takarda.

Ka kuma ce ba barazana ka yi ba. Mutum mai auna magana irinka, idan ya ga bukatar ya faɗi haka, ya san abin da ya rubuta.

Larai


Ngaundere, 10 ga Mayu

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin samun sauƙin Inna, Allah ya ƙara afuwa. Mu ma lafiya. Na jinkirta amsa da gangan, domin abin da na fara rubutawa ranar da takardarki ta zo bai dace a aika ba.

Na yarda cewa a gidanmu ƙullin kasuwa plastik ko sashe ake ce masa, leda kuwa shimfiɗar ɗaki ce. Na daɗe a Zariya, bakina ya ɗauki Hausar can. Da kalmar ta zo ita kaɗai, da na karɓi laifin. Amma layukan da suka gabace ta sun ambaci barkono, da koko, da zoɓo, kuma ba a ƙulla zoɓo a shimfiɗar ɗaki. Kanawan da kike sayen sukari a wurinsu kullum suna tambayarki ko a sa miki a leda, ban taɓa jin kin miƙa musu tabarma ba. Saboda haka ba zan iya kiran abin da ya faru kuskure ba. Kin so ki ba ni amsa, sai kika ba da ita a ƙarƙashin ƙafar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kuma kin jefar da abin da mahaifina ya shimfiɗa, wanda ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Ɓoɓɓo zai sauke miki sabuwar shimfiɗa. Ina roƙo a shimfiɗa ta a ranar da ta iso. Tare da ita akwai kwando na zuwa kasuwa, da kwanukan samira masu murfi, da babbar jarka da kofuna. Domin kada a sake samun kalma mai fuska biyu, ga abin da nake nufi dalla-dalla. Cefane a riƙa zubawa a kwando. Koko a karɓo a kwano. Masar Juma'a a kai wa kowane gida a samira, a dawo da kwanon, a wanke, a ajiye na wani mako. Zoɓo a sayar daga jarka, mai saye ya sha a kofi ya mayar. Iyayenmu haka suka yi kafin mu san plastik, kuma ba su rasa maƙwabta ba.

Game da Nkololoun, gaskiyarki. Ba ni da iko da su. Amma rashin iko da gidan wani bai ɗauke mini nauyin gidanmu ba.

Sharaɗin da na ambata yana nan yadda yake.

Badaru


Ngaundere, 19 ga Yuni

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ɓoɓɓo ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa babu takarda. Ya ce an shimfiɗa ledar ɗaki, ya ga kwanukan a kife a kan tebur, ya ga Inna zaune a ƙofarta ita kaɗai. Na buga waya, ɗiyarki ta ce kina wanka, a lokuta dabam-dabam na yini. Rediyo yana ba da labarin ruwa a Duwala kusan kullum.

Ba na neman doguwar amsa. Layi biyu sun isa: yaya jikinta, kuma ina aka kwana a kan abin da na roƙa.

Badaru


New Bell, 5 ga Yuli

Malam Badaru,

Wa alaikumus salam. Jikin Inna lafiya, ba gudawa, ba zazzaɓi. Yara lafiya. Ka nemi layi biyu, amma abin ya fi layi biyu, sai ka yi haƙuri ka karanta.

Kwando ya karɓu. Ina zuwa kasuwa da shi, kowa na ganin abin da na sayo da abin da ban iya sayowa ba, amma wannan nawa ne, na jure. Koko ma a kwano ake karɓowa. Jarka da kofuna na gwada. Masu sayen zoɓona 'yan acaɓa ne da masu tura amalanke, ba mai tsayawa ya sha a kofi ya jira a ɗauraye wa na bayansa. Zoɓo ya yi ta tsami ina zubarwa. Na koma sashe, kuma ban ɓoye ba, a gaban Ɓoɓɓo nake ƙullawa.

Saura masa. Ka ce iyayenmu a kwano suke aikawa. Haka ne. Abin da ka manta, ko ba ka taɓa lura ba don kai namiji ne ana ajiye maka abinci ka ci ka tashi, shi ne a unguwar nan ba a mayar da kwano haka nan. Wadda aka kai wa sai ta sa wani abu a ciki, ko goro, ko ƙwai, ko gishiri. A zamanin iyayenmu kowa na da ɗan abin sawa. Yanzu rabin gidajen da Inna take aika wa mutanen da suka gudo daga arewa ne, da kayan jikinsu suka iso. Sashe ba ya neman a mayar da shi. Yaro ya miƙa, a karɓa, a rufe ƙofa, ba wanda ya ga wani.

Ba ka san Mero ba. Bazawara ce daga wajen Mora, an kashe mijinta, tana haya a wani ɗan ɗaki a bakin Nkololoun da 'ya'yanta. Tun zuwanta, kullum bayan la'asar tana wurin Inna, tana matsa mata ƙafa, suna hira rabi Hausa rabi Fulatanci. Ita ce mutum ɗaya da na ji tana sa Inna dariya tun rasuwar Baba. Juma'ar farko aka kai mata masa a samira, ta dawo da kwanon da guntun sabulu a ciki, wanda an riga an fara wanka da shi. Na sa aka gaya mata kada ta ƙara sa komai. Ka taɓa ganin wanda aka ce masa kada ya ji kunya, ya daina ji? Juma'a ta biyu kwanon bai dawo ba, ita ma ba ta dawo ba. Ta uku aka tarar da ƙofarta a rufe, ana jin motsin yara a ciki.

Na haɗu da ita a bakin famfo. Ta so ta kauce, hanya ta ƙi. Ta ce da ni, "Yaya Larai, kwanonku yana nan, ban taɓa shi ba. Ku ba ni lokaci." Ta ɗauki bokitinta bai cika ba ta tafi.

Wasu gidajen ma sun fara cewa sun ƙoshi. Inna ba yarinya ba ce, ta gane. Ranar Juma'ar da ta wuce ta gama suya, ta dubi kwanukanka, ta ce in ba ta sashe. Na ce ɗanta ya hana, kuma ya ce idan aka saɓa zai ɗauke ta. Ta ce, "To, rubuta masa ya ɗauke ni. Tunda ya faɗa, kada maganarsa ta faɗi ƙasa."

Ban roƙe ta ta sake shawara ba. Sharaɗinka bai cika ba, damina ta kankama, kai kuma mutum ne mai cika magana. Motar Ɓoɓɓo tana gareji, ya yarda zai rako ta ta jirgin ƙasa mako mai zuwa. Maganin gwiwarta yana cikin ƙaramin akwati. Ba ta cin yaji da dare. Idan ta ce ta ƙoshi, ba ta ƙoshi ba, a bar kwanon kusa da ita a fita.

Larai


Ngaundere, 8 ga Agusta

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina fatan ku da yara kuna lafiya. Inna ta iso lafiya tun watan jiya, kamar yadda Ɓoɓɓo ya sanar da ke. Likita ya duba ta, bai sami abin damuwa ba. Na bi abin da kika rubuta game da magani da abinci, kuma na gode da shi.

Kafin in shiga abin da ya sa na rubuto, akwai magana ɗaya da ba zan haɗiye ba. Kin ga abin da ke faruwa da Mero tun Juma'ar farko. Kina da waya, kina da Ɓoɓɓo. Da kin aiko mini da layi ɗaya, da na ce a ware gidanta da irinsa, ko a nemi wata hanya. Matan Duwala da ganye suke naɗe abincinsu, ba su jira kwano ya dawo. Amma kin yi shiru har abin ya lalace, sannan kika kawo mini shi cikakke a matsayin hujja. Wannan karo na biyu ke nan da kika bi maganata daidai yadda za ta yi ɓarna. Ban san da wane suna zan kira irin wannan biyayya ba.

Yanzu ga halin da ake ciki. Ɗakinta a bushe yake, ruwan da take sha ni nake gwada shi, Fauziya ba ta gaza mata da komai ba. Inna ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Sai dai ba ta magana sai an tambaye ta, kuma zanenta ya fara yi mata yawa. Alhamis ɗin farko ta nemi shinkafa za ta jiƙa. Na sayo. Da gari ya waye ta tambayi gidajen da za a kai wa, muka duba, maƙwabtanmu duk ma'aikata ne masu ƙofar ƙarfe, ba wanda na san sunan matarsa. Muka ci masar mu kaɗai har ta gundure mu. Ba ta sake neman shinkafa ba.

Likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki da yamma. A makon jiya na dawo daga aiki na ga igiyar shanya cike da plastik, baƙi da fari, an wanke an shanya. Fauziya ta ce a hanya take tsinto su, ta wanke da sabulu, idan sun bushe ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi. Na shiga na tambaye ta na mene ne. Ta ce, "Na Juma'a ne, idan na koma. Ba sababbi ba ne, daga ƙasa na ɗebo su. Sai ka nemi wani abin faɗa."

Abin faɗa kam akwai: bai kamata a zuba abinci mai zafi a abin da aka tsinta a titi ba. Ra'ayina game da plastik bai sauya ba, kuma magudanar tana nan a toshe ko na yi magana ko na yi shiru. Amma na ɗauko ta ne don ta rayu, kuma abin da nake gani a nan ba shi na nufa ba.

Saboda haka na janye sharaɗin. Ina neman ki karɓe ta. Idan ban ji daga gare ki ba kafin ƙarshen wata, zan ɗauka kin amince.

Badaru


New Bell, 20 ga Agusta

Badaru,

Wa alaikumus salam. Muna raye, ba wanda ya ji rauni. Kada ka kawo ta.

Ranar Talata ruwa ya tsuge tun bayan azahar. Kafin la'asar rigol ya cika ya juyo. Wannan karon bai tsaya a dokin ƙofa ba. Ya shiga ɗakin Inna ta ƙarƙashin katangar baya, ya haura gadonta, ya bar laka har kan matashi. Cikin abin da bai kai tsawon salla ba ya yi wannan. Ni ina can ina fitar da yara. Da tana ciki, da gwiwar nan tata, ban san ko da na kai gare ta ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin da ruwa har cinya ina kallon gadon, kuma ba zan rubuta maka abin da na ji ba.

Washegari mutanen layi suka fito, maza da mata, aka shiga haƙar rigol. A ƙarƙashin gada aka sami toshiyar, dunƙule guda kamar buhu, sai da maza suka sa ƙugiya suka ja. Ka san yadda nake ƙulla zoɓona, da ɗan kunne a gefe don yaro ya rataya a yatsa. Ba mai irin wannan ƙullin a kartiye, duk faɗin unguwar, sai ni. Hapsatu mai ƙosai ta ɗago ɗaya a kan sanda, har da jan zoɓo a jikinsa, ta ce, "Larai, zo ki karɓi ajiyarki." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne.

Kada ka yi murna, kuma kada ka rubuto mini cewa ka faɗa. Na Nkololoun ma suna ciki, da na kowa. Na fara zuba zoɓo a kwalaben ruwa da nake wankewa, mai saye ya kawo tsohuwa ya karɓi cikakkiya. Ciniki ya ragu. Ba don kai na yi ba.

Ka ce na bi maganarka yadda za ta yi ɓarna. Kai kuma ka aiko da magana daga nesa, ka rataya uwarka a jikinta, ka ce ba barazana ba ce. Kowa ya riƙe nasa.

Ɗakin Mero ya rushe ta gefe ɗaya. Na je na kwaso ta da yaran, suna ɗakina, ni da nawa mun matsa. Ba ta ƙi ba, domin ba ta da inda za ta ƙi ta tafi. Tana tambayar Inna safe da yamma.

Ɗakin Inna ba zai kwanu ba. Katangar ta tsage, ƙasa tana wari, kuma an fara kai mutane asibiti daga layin baya da gudawa. Ruwa bai ƙare ba, Satumba na tafe. Ka riƙe ta har damina ta wuce. Ni ce na ce ka riƙe ta, ba kai ka ci ba.

Larai


Ngaundere, 29 ga Agusta

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da abin da aka rasa. Na gode wa Allah da ya tsare ku, kuma ina yi wa Mero jaje. Ba zan rubuta abin da kika hana ni rubutawa ba. Ban ma yi niyya ba.

Na karanta wa Inna takardarki gaba ɗaya. Batun gadonta bai sa ta ɗaga kai ba. Da na zo wurin Mero ta tsayar da ni, ta tambaya ko a cikin gidan take kwana yanzu. Na ce haka kika rubuta. Ta ce, "To, me nake yi a nan?"

Na yi mata bayani yadda zan yi wa shugabana a wurin aiki, ban rage komai ba: tsagewar katanga, cutar da ta ɓulla a layin baya, ruwan Satumba, shekarunta. Na gaya mata cewa a wannan karon ni da ke bakinmu ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ta ji, kuma in je in sayi tikiti.

Ina iya ƙi. Ba ta da ƙarfin zuwa tasha ita kaɗai, kuma na san hujja tana gefena. Na kwana biyu a kan wannan. Abin da na kasa samu shi ne hujjar da za ta ba ni damar tsare ta a gidana bayan ta ji komai ta zaɓa. An riga an ɗauke ta sau ɗaya saboda maganar da wasu suka yi a kanta. Ba zan riƙe ta da irin wannan ba.

Ga abin da na tsara. Na ɗauki hutun da na tara, zai kai ni ƙarshen damina. Ni zan kawo ta da kaina, kuma zan zauna. Ba za ta kwana a ɗakinta ba. A ɗora gado a kan bulo a ɗakinki, kusa da ƙofa, ko da Mero za ta matsa. Ruwan shanta ni zan riƙa tafasawa. Ni zan kwana a zaure. Duk ranar da aka yi ruwa zan shiga magudanar daga katangarmu zuwa gada in kwashe abin da ya taru, na gidanmu da na Nkololoun, ba tare da na tambayi mai shi ba.

Za mu iso ranar Alhamis, domin ta ce shinkafa tana bukatar kwana a ruwa. A cikin me za a kai masar, har yanzu ba mu daidaita ba, ni da ita.

Ban nemi izininki ba, kuma na san ba za ki ji daɗin ganina ba. Ba lallai ne ki yi mini magana ba. Ki dai aro mini shebur.

Ƙaninki,
Badaru